Nazarin Lamari: Neman Keken da Ya Dace da Kare Mai Ciwon Ƙashin Baya

Asalin lamarin

Karen namiji ne ɗan shekara shida, daga jinsin Dachshund, karnukan nan 'yan asalin Jamus masu dogon jiki da gajerun ƙafafu waɗanda tun farko aka yi kiwonsu don farauta a cikin rami. Nauyinsa kilo 10.4. Mai shi dattijuwa ce da ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai a wani gari na arewacin Ingila, a irin gidajen nan da ke jere bango ɗaya, ƙofarsu na fuskantar titi da matakala guda a bakinta. Ba ta da mota, kuma tana fama da amosanin gaɓɓai a wuyan hannunta na dama. Asibitin dabbobin da take zuwa yana da nisan kilomita ɗaya da rabi daga gida. Rabin hanyar shimfiɗaɗɗen dakalin masu tafiya a ƙasa ne, sauran kuwa tsohon daɓen duwatsu ne mai gargada, ga kuma tsallaka titi sau huɗu.

Wannan jinsi yana da rauni sananne. Tsakanin kowane ƙasusuwan baya biyu akwai wani faifai mai taushi da ke shanye jijjiga. A jikin Dachshund wannan faifai yakan fara taurarewa tun karen yana ƙarami, har wata rana ya fashe, abin da ke cikinsa ya danne laka. Kusan ɗaya cikin huɗu na wannan jinsi kan gamu da ciwon a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara uku zuwa bakwai, kuma ya fi faruwa a tsakiyar baya, inda haƙarƙari ke ƙarewa.

Maris 2022: farawar ciwo

A makon farko na Maris karen ya diro daga kan kujera ya yi ƙara. Washegari bayansa ya tanƙware, ya ƙi hawa matakala, ƙafafunsa na baya suna harɗewa idan yana tafiya. Likitan dabbobi ya sa shi a mataki na biyu cikin matakai biyar da ake auna tsananin ciwon da su: yana iya tafiya, amma yana tangaɗi. Ba a yi tiyata ba. An ba shi magungunan rage ciwo, meloxicam da gabapentin, aka ce a tsare shi a keji na mako shida, ba ya fita sai don fitsari da kashi, da ɗamarar ƙirji maimakon igiyar wuya. Ba tsalle, ba matakala. Idan za a ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ƙugu, bayan ya kasance a miƙe.

Sai dai ana son ganinsa a asibiti duk bayan mako biyu, daga baya kuma kowane mako don gashin ƙashi da motsa jiki. Nan matsalar sufuri ta kunno kai. Zuwan farko an yi shi ne a tasi, karen na kan cinya. Kuɗin ya yi yawa ga mai cin fansho, kuma ba kowane direba ne ke yarda da kare ba. Zuwa na biyu an gwada jakar rataya ta ƙyalle, wadda ake saɓawa a kafaɗa. Ba a kai ƙarshen layi ba aka juyo, domin ƙyallen ba shi da ƙasa mai tauri: ƙugun karen ya nutse, bayansa ya lanƙwashe, daidai abin da likita ya hana.

Afrilu: jaka mai taya

A farkon Afrilu aka sayo ta intanet jakar dabbobi mai taya biyu da mariƙi mai zugewa, irin ta matafiya a filin jirgi. A jikin tallar an rubuta cewa tana ɗaukar kilo 12. Tsawon cikinta santimita 46, faɗi 28, tayoyin roba ne mai tauri masu faɗin santimita 6.

An yi tafiya ɗaya da ita. Jaka mai taya biyu ba ta tafiya sai an karkata ta, kuma a hannun mai matsakaicin tsayi karkatar takan kusa digiri 45. Karen ya zame ya taru a kusurwar ƙasa, nauyinsa duka a kan ƙugu. A kan daɓen duwatsu ƙananan tayoyin sun riƙa faɗawa cikin kowane tsagi, kuma da yake babu sifirin, duk wata girgiza tana isa jikinsa kai tsaye. A bakin kowane titi sai an ɗaga jakar cak da hannu ɗaya. Karen ya yi amai kafin a isa, kuma a gwajin wannan rana ya fi nuna jin zafi idan an taɓa tsakiyar bayansa fiye da yadda ya nuna mako biyu kafin nan.

Dokar cinikin intanet ta Birtaniya tana ba mai saye kwana 14 daga ranar da kaya suka iso ya fasa cinikin, amma mai sayarwa na da damar rage kuɗi idan an yi amfani da kayan fiye da dubawa. Aman ya ɓata shimfiɗar, sai aka mayar da rabin kuɗin kawai.

Mayu: keke mai taya huɗu

Hutun keji ya ƙare a tsakiyar Afrilu. Aka fara barin karen ya taka na minti biyar sau uku a rana, aka kuma rubuta masa tafiya a kan injin da ke cikin ruwa sau ɗaya a mako. Domin wannan zirga-zirga aka sayi keken tura dabbobi mai taya huɗu, daga cikin masu araha. Wannan karon an kula da nauyi sosai: an zaɓi wanda aka rubuta kilo 15, don a bar rara.

Ga abin da aka auna daga baya. Tsawon shimfiɗar ciki santimita 54, faɗi 31. Tsayinta daga ƙasa santimita 44. Tayoyin gaba santimita 14, na baya 17, duk na soson roba mai tauri, na gaban kuma suna juyawa ko'ina ba su da makulli. Ƙasan ɗakin, wato wurin da karen ke zama a cikin keken, wani siririn allo ne a cikin ƙyalle, yana zaune a kan sanduna biyu. Rufin na zif ne da ke zagaye gaba ɗaya.

Matsalolin sun fito ɗaya bayan ɗaya. Karen bai iya kwanciya a miƙe ba, sai dai ya naɗe jiki ko ya zauna, kuma a zaune kowace gargada tana sauka a ƙasan bayansa. Cikin mako biyu allon ya lotsa a tsakiya da kusan santimita 3. Shigar da shi da fitar da shi na buƙatar a ɗaga kilo goma zuwa tsayin gwiwa, sau huɗu a kowane zuwa asibiti, da hannu mai ciwo. Tayoyin gaba kuwa sukan cije a bakin dakali. Dalilin lissafi ne mai sauƙi: taya ba ta hawa tudun da ya kai rabin faɗinta ta hanyar turawa kawai. Rabin santimita 14 shi ne 7, bakin dakalin titi kuma yakan kai 10 ko fiye. Inda aka kwantar da bakin don masu keken guragu babu damuwa, amma biyu daga cikin tsallake huɗun ba a kwantar da su ba. Dole a danna mariƙi a ɗaga gaba, kuma da yake ɗakin yana sama, tazarar tayoyi kuma gajera ce, keken yakan nemi kifewa ta baya, musamman idan an rataya jakar cefane a mariƙin.

A mako na uku na Mayu abin da ake gudu ya faru. A ƙofar asibiti, ana cikin zuge zif da hannu biyu, karen ya ga wani kare ya yi tsalle. Igiyar tsaro ta cikin keken tana ɗaure, amma ta yi tsawo, sai ya fito rabi ya rataye a gefe kafin a tare shi. Da a wuya aka maƙala igiyar, da abin ya fi haka muni. An yi sa'a a ɗamarar ƙirji take. Tangaɗin ƙafafun baya ya dawo kaɗan. Likita ya mayar da shi keji na ƙarin mako biyu, aka dakatar da motsa jikin ruwa.

Ƙarshen Mayu: awo

Ma'aikaciyar gashin da ke kula da shi ce ta ba da shawarar a ajiye maganar kilo tukuna, a ɗauko tef. An auna abu biyar a jikin karen da muhallinsa, kuma kowanne yana da abin da yake yankewa.

Daga gaban ƙirji zuwa gindin wutsiya, a tsaye: santimita 53. A kwance kan ciki, ƙafafun gaba a miƙe, daga ƙarshen farce zuwa ƙugu: 64. Wannan na biyun shi ne awon da ake aiki da shi, a ƙara masa 8 zuwa 10, don haka shimfiɗar ciki kada ta gaza 72. Daga ƙasa zuwa saman kai a zaune: 41, wato rufi ya kai 50. Faɗin da zai juya ba tare da ya murɗe baya sosai ba: aƙalla 38. Sai faɗin ƙofar gida idan an buɗe ta, daga gefen ƙyaure zuwa dogari: 74. Wannan ya sa iyaka ga faɗin keken daga wajen taya zuwa wajen taya.

Aka ƙara sharuɗɗa uku. Ƙofar shiga ta kasance ƙasa-ƙasa, yadda karen zai taka ya shiga da ɗan taimako. Rufin ya buɗu da hannu ɗaya, ɗayan hannun na kan kare. Tayoyi kuma su kai santimita 28 zuwa 30.

Abu biyu aka duba aka bari. Na farko tirelar kare da ake ɗaura wa keken hawa, wadda ake iya sa mata taya a gaba ta zama ta turawa. Tana da shimfiɗa mai tsawo, tana kusa da ƙasa, ta cika kusan dukkan sharuɗɗan, amma wadda aka samu faɗinta ya haura 80, ba za ta shiga ƙofa ba. Na biyu tsohon keken jarirai da wata maƙwabciya ta bayar kyauta. Tayoyinsa da sifirin ɗinsa sun fi na kekunan dabbobi da yawa kyau, kwandon kwanciyarsa ma shimfiɗaɗɗe ne. Amma irin wannan kwando an yi shi ne don jaririn da bai wuce kilo 9 ba, wanda bai fara zama ba balle tsalle. Ba shi da raga mai rufewa, ba shi da wurin maƙala igiya, kuma yana nesa da ƙasa fiye da keken da aka riga aka sha wahalarsa.

Yuni: keke mai taya uku

A farkon Yuni aka je shago da tef a hannu, aka auna kekuna a zahiri maimakon dogara da abin da ke jikin kwali. Wannan ya yi amfani, domin wasu masu ƙerawa tsawon rufi suke rubutawa, wanda ya fi shimfiɗar ƙasa tsawo saboda bangon ɗakin yana buɗewa ta sama.

Wanda aka ɗauka mai taya uku ne, duk na iska, kowace santimita 30. Shimfiɗar ciki 76 da 42, tsayinta daga ƙasa 21, da ƙofa ta baya mai saukowa. Faɗin waje 67. An rubuta masa kilo 30, kusan ninki uku na nauyin karen. Keken kansa kilo 13 ne, kuɗinsa ya kusa ninka na baya sau uku. Birkin na ƙafa ne, sanda ɗaya da ke kulle tayoyin baya biyu lokaci guda. Tayar gaba tana juyawa, tana kuma kulluwa a miƙe. Rufin na maɓallin dannawa ne, ba zif.

An yi masa gyara uku kafin a sa karen. An yanka katako mai kaurin milimita 9 daidai da shimfiɗar aka sa a ƙasa, don kada ta lotsa. A kansa aka ɗora katifar soso mai ɗan tauri, kaurin santimita 4, da shimfiɗar da ba ta santsi. Katifa mai laushi sosai tana sa kare mai raunin ƙafa ya rasa inda zai dogara idan ya tashi. Sannan aka rage igiyoyin tsaro biyu, ɗaya ta kowane gefe, aka maƙala su a zoben bayan ɗamarar ƙirji. Gwajin tsawonsu shi ne: karen ya iya tsayawa, ya kwanta, ya juya, amma ƙafafunsa na gaba kada su kai bakin ɗakin. Da yake ɗakin ya fi jikinsa faɗi, an naɗe tawul biyu aka tokare gefe da gefe don kada ya riƙa gangarawa a kwana.

Bayan abin da ya faru a Mayu, karen yana ganin keke sai ya koma keji. Saboda haka ba a fita da shi nan take ba. Kwana uku na farko keken yana falo, birki a take, ƙofa a buɗe, ana ajiye masa abincinsa a bakin ƙofar, sannan a ciki. Kwana uku na gaba ana rufe rufin na minti ɗaya zuwa biyar yana cin wani abu. Daga nan aka fara turawa daga falo zuwa kicin. Fitar farko ta minti biyar ce a kan dakali mai santsi, da sassafe, kafin titi ya cika. A kwana na goma sha biyu aka kai shi asibiti, kuma yana kwance a miƙe aka isa.

Matakalar bakin ƙofa ana saukarta ne da baya: mai turawa ta fara fita, tayoyin baya su sauka tare, sannan ta gaba. Idan aka fara da tayar gaba guda ɗaya, keken yakan karkata gefe. A kan daɓen duwatsu ana kulle tayar gaba, domin a sake takan yi rawa ta girgiza ɗakin duka. Iskar tayoyin ma ana barinta ƙasa kaɗan da iyakar da aka rubuta a gefen taya, saboda taya mai ɗan sassauci ta fi shanye gargada.

Yuli: zafi

A ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Birtaniya. Ga mutumin Sakkwato ko Maiduguri wannan zafin watan Afrilu ne kawai, amma abin da ya shafi keken ɗaya ne a ko'ina. Kare ba ya zufa a jiki yadda mutum ke yi, da haki yake sanyaya kansa, kuma haki ba ya aiki sosai a ɗan ɗakin da iska ba ta ratsawa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39 da ɗoriya. Idan ya kai 41 rai na cikin haɗari.

Rufin keken baƙi ne. Kwanaki kaɗan kafin wannan rana an sa ma'aunin zafi a ciki da tsakar rana, rufi a rufe, ya nuna digiri 6 sama da na waje bayan kwata ɗin awa. A makon zafin an soke zuwa asibiti gaba ɗaya. Sauran bazarar ana fita kafin ƙarfe tara na safe ko bayan bakwai na yamma, ragar gaba da ta baya duk a buɗe don iska ta wuce, da farin ƙyalle a saman rufin kawai, ba ya sauka ya toshe gefe. Ledar ruwan sama da ta zo da keken ma tana riƙe zafi ko da hadari ne, don haka ba a rufe ta duka.

Agusta zuwa Oktoba: matsalar da keken ya jawo

A awon tsakiyar Agusta nauyin karen ya hau zuwa kilo 11.3, kaurin cinyarsa kuma bai ƙaru ba tun Yuni. Da aka bi diddigi, sai aka ga keken ya yi daɗi har ya maye gurbin tafiya: ana fita sau biyu a rana, amma kusan duka a kwance yake yinta. Ga mai ciwon baya wannan asara biyu ce, ƙarin nauyi a kan faifan da ya riga ya lalace, da raguwar naman da ke tallafe ƙashin.

Aka sauya tsari. Karen yana fara fita da ƙafarsa, keken na biye da shi ba kowa a ciki. Ana sa shi ne idan lokacin da aka ƙayyade ya cika, ko idan aka ji farcen baya ya fara jan ƙasa, ko ƙafafun sun fara harɗewa, duk wanda ya riga. An fara da minti 10, ana ƙara minti 5 duk bayan mako biyu. Wuraren gargada da cunkoson jama'a a keke yake wuce su, ciyawar filin shaƙatawa kuma da ƙafa. An rage abincinsa da kashi ɗaya cikin goma. A ƙarshen Oktoba nauyinsa ya sauko 10.6, yana tafiyar minti 30 ba tangaɗi, sai dai ƙafar hagu ta baya takan ja kaɗan idan ya gaji. Ciwon bai sake tashi ba a wannan tsakani.

Taya ta yi faci sau ɗaya a Satumba, ƙaya ce ta shiga. Mai gyaran keken hawa ya sauya tiyub ɗin, domin girmansa ɗaya da na ƙaramin keken yara.

Abin da lamarin ya nuna

Sayayya biyu na farko duk a kan lamba ɗaya aka yi su, wato kilo, kuma ita ce lambar da ta fi ƙarancin amfani a nan. Kilon da aka rubuta yana faɗin abin da ƙarfen keken zai ɗauka kafin ya lanƙwashe. Ba ya faɗin ko dabbar za ta kwanta a miƙe. Kare mai kilo 10 mai dunƙulallen jiki zai zauna lafiya a shimfiɗar santimita 54. Dachshund mai wannan nauyi yana buƙatar ɗakin da aka yi wa karen da ya ninka shi. Awon da ya warware matsalar bai ɗauki minti goma ba, kuma ana iya yinsa tun a Maris.

Jaka mai taya biyu ba ta dace da dabbar da ke da ciwon baya ko ta fito daga tiyata ba ko kaɗan, saboda karkata a cikin ƙirarta take, ba gyaran da zai cire ta. Wurinta daɓe mai santsi ne da ɗan gajeren nisa, da kyanwa ko ƙaramin kare mai lafiya. Keken mai taya huɗu ba shi da wannan aibi, kuma ga kyanwa mai kilo huɗu a kan hanya mai kyau zai wadatar. A nan ya gaza ne ta tsawo, da tsayi daga ƙasa, da girman taya. Hatsarin Mayu kuwa ba na ƙirar keke ba ne kaɗai: zif mai cin hannu biyu da igiyar da ba a rage ba ne suka haɗu, kuma na biyun gyaran minti ɗaya ne.

Keken na uku ma bai biya kowace buƙata ba. A motar bas, wurin da keke zai tsaya shi ne wurin masu keken guragu, kuma su ke da fifiko, don haka ana iya cewa a naɗe shi a kowane lokaci. Naɗe keke mai kilo 13 da hannu mai ciwo, ana riƙe da karen da ba a son ya taka matakala, bai yiwu ba. Har zuwa Oktoba duk inda ya fi ƙarfin tafiyar ƙasa da tasi ake zuwa, karen na cikin akwatin roba mai ƙasa mai tauri, keken kuma a bar shi a gida.